Yadda Za Ka Gyara Kibod Ɗin Alhaji Ba Tare Da Ka Ce Alhaji Ne Ya Ɓata Shi Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. In ka bi matakan nan a tsanake, na yi maka alkawarin abu uku: kibod zai yi rubutu, maus zai daina rawar sanyi, kuma ba wanda zai fita daga shagon da kunya a fuskarsa. Na ukun shi ne aikin. Sauran biyun kowa ma ya iya.

Ba a littafi na samo ilimin nan ba. A wurin Jelani na ɗauko shi, mai cajin waya da sayar da rigunan waya a Ƙofar Atiku. Shagonsa bango ɗaya ne da na Alhaji Maccido, dattijo ɗan gidan malamai, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya buɗe wurin buga takardu. Alhaji ba ya taɓa kwamfuta. Nasa zama ne a bakin ƙofa da goro da ɗan rediyonsa. Mai bugawa ita ce Naomi, matar Habila kafinta, wadda ta daɗe a shagon har yaran unguwa na kiranta Anti Kwamfuta. Sai ɗan Alhaji da ke Abuja ya aiko musu da kibod da maus marasa waya, wai a huta da igiyoyi. Tun ranar hutu ya ƙare.

Mataki na ɗaya: Kar ka ce ba ka iya ba

A idon unguwa, duk wanda ke soka caja a jikin waya injiniya ne. Kar ka ɓata musu tunani. Da Alhaji ya leƙo ya ce, "Jelani, taho ka duba muna wanga abu," Jelani bai taɓa riƙe kibod marar waya ba a rayuwarsa. Amma bai ce bai iya ba. Ya goge hannu a jikin riga, ya ɗauki ƙaramin sukundireba, ya bi bayan Alhaji.

Kai ma ka ɗauki sukundireba. Ba za ka kwance komai da shi ba. Likita ma ba kullum yake allura ba, amma ba ya fita ba jaka.

Mataki na biyu: Ka tambayi abin da ya faru, ka riƙe dariyarka

Ciwon kibod marar waya shi ne haɗiye haruffa. Ka danna goma, bakwai su fito, ukun sai a lahira. Maus kuwa sai ya tsaya cak, kana jan sa yana kallonka, can kuma ya zabura ya tsallaka gefen da ba ka aike shi ba.

Abin da ya kawo ƙarar shi ne takardar shugaban wata Islamiyya. Ya kawo a buga wa iyaye sanarwa cewa a riƙa kawo yara makaranta da wuri. Ana sauri, mutum na tsaye a kan Naomi, ta buga, aka gurza, aka raba. Sai ga abin da ya isa gidaje: a riƙa kawo yara makara da wuri. Malamin ya dawo da takardar a hannu, rawaninsa har ya karkace.

"Dubi nan," in ji Alhaji, yana miƙa wa Jelani. "Yaran mutane. Makara."

Jelani ya karanta, ya ciji leɓe, ya ce, "Subhanallahi." Ka riƙe kalmar nan, tana rufe dariya fiye da tafin hannu.

Mataki na uku: Ka kashe, ka kunna, ka yi shiru irin na masana

Juya kibod ɗin, akwai ɗan maɓalli a ƙasa. Tura shi, ka jira, ka mayar. Yi wa maus haka. Sannan ka kashe kwamfutar gaba ɗaya ka sake kunnawa. Lokacin da take tashi, kar ka yi hira. Ka ɗan karkata kai kamar kana jin wata ƙara da ba kowa ke ji ba. In an tambaye ka, ka ce, "Tukuna dai."

Rabin cututtukan kwamfuta a nan suke warkewa. Na Alhaji bai warke ba.

Mataki na huɗu: Ka shiga ƙarƙashin tebur

Abin da ake kira marar waya yana da ɗan aike. Wani ɗan mitsitsin ƙarfe ne, bai kai ƙwayar dabino ba, ana soka shi a jikin akwatin kwamfuta, shi ke karɓar saƙo daga kibod da maus. Mutane kan soka shi a baya, su tura akwatin can ƙuryar tebur, su jibga masa kwalayen takarda a gaba, sannan su yi mamakin ba ya ji. Ko kai aka sa a nan ba za ka ji ba.

Jelani ya durƙusa, ya rarrafa, ya ci karo da tsohon silifas da gizo-gizo, ya zaro ɗan aiken ya dawo da shi gaba inda yake ganin kibod ido da ido. Ya kawar da wayar Naomi daga kusa, ya saka sabbin batura daga shagonsa ba tare da ya ko dubi tsofaffin ba. Naomi ta buga layi guda, ko wasali bai ɓace ba.

"Ka gani," in ji Alhaji. "Yaron ga na da hannu."

Kar ka yi murna da wuri. Da safe aka sake kiran sa. Ya gyara, ya sake saka sabbin batura, aka yi yini lafiya, da safe aka sake kira. Haka abin ya riƙa tafiya har Alhaji ya haɗa lissafinsa, ya faɗe shi a gaban kowa, cikin ruwan sanyi, yana ɓare goro.

"Ni na lura da abu guda. In Jelani ya taɓa, lahiya lau. In ɗiyag ga ta zauna, sai shi lalace. To hannu ne. Ba laihinta ba ne, wani hannun bai jituwa da sabon abu. Jikana Zayyanu ya ƙare karatun kwamfuta, yana gida zaune. In wata ya kama ba a ga sauyi ba, sai shi zo shi gwada nashi hannun."

Naomi ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jera takardun da tuni a jere suke. Da aikin nan take taimaka wa Habila riƙe gida, kuma duk layin an san haka.

Daga nan, ɗan'uwa, ba kibod kake gyarawa ba.

Mataki na biyar: Ka buɗe murfin batir, amma ka ba mai shago baya

Wannan shi ya kamata ka fara yi tun farko, sai dai gwani ba ya fara da abu mai sauƙi, kar a raina shi.

Jelani ya juya wa ƙofa baya, ya buɗe, wannan karon ya duba da kyau. Baturan da ya saka jiya ba su ba ne a ciki. Waɗannan sun sha duniya. Ɗaya ja, ɗaya baƙi, duk sun lotsa a tsakiya, irin lotsawar da batir ke yi in an cije shi don ya ƙara ɗan numfashi. A cikin sawun haƙoran kuwa ga jan goro ya bushe.

Naomi ba ta cin goro. Jelani ma ba ya ci. A bakin ƙofa, rediyon Alhaji na zuba labaran duniya da murya garau, kamar mai karantawar na zaune a kan benci.

Jelani ya matsa kusa da ita ya nuna mata a ɓoye.

"Anti, kin ga wanga?"

"Na gani tun tuni," ta ce, ba ta daina kallon allo ba. "Shi yake buɗe shago bayan asuba. Kafin in zo ya yi musanya da na rediyonsa. A wurinsa batir batir ne."

"To mi ya hana ki faɗa mai?"

"In ce masa me? Baba, kai ne? Kai da ka iya, bismillah, ga shi can."

Jelani ya dubi Alhaji, ya dubi farin gemun, ya tuna a hannun mutumin nan aka yi masa huɗuba ranar suna. Ya mayar da murfin a hankali.

Mataki na shida: Ka ɗora laifin a kan wanda ba ya fushi

Akwai su da yawa. Akwai zafin Sakkwato, akwai masu ɗauke wuta, akwai ƙarfen tebur, akwai jannaretan mai walda na tsallaken titi. Duk ba su da dangin da za su zo bin ba'asi.

Jelani ya fara da zafi. Alhaji ya ce, "Cikin zahin nan anka haihe mu, ba mu haɗiye haruhwa ba." Ya koma kan masu wuta. Alhaji ya ce, "Ai kai ka ce min abin ga ba shi shan wuta, batir gare shi." Nan Jelani ya ga ƙofa a buɗe, faɗi ɗaya ya rage, amma bai shiga ba. Ya ce, "Haka ne, Baba."

Darasi: dattijon da ya yi shekaru yana karanta fayil a ofishin gwamnati ba a rufe shi da zancen zafi.

Mataki na bakwai: Kar ka dogara da salatif

Na sa shi cikin jeri ne don kar ka ɓata lokacinka. Jelani ya saka sabbin batura, ya naɗe murfin da baƙin salatif, ya ce saboda iska ne. Da safe ya tarar an yanka shi da reza, yanka mai kyau, an yi abin da za a yi, an mayar an liƙe tsaf, har ya fi nasa naɗin kyau.

Mataki na takwas: Ka yi magana, amma ka bi ta bayan gida

Wata ya kusa kamawa. An ga Zayyanu ya leƙo shagon yana gwada tsayin kujera. Naomi ta fara kwashe ƙananan kayanta daga aljihun tebur, kofi yau, man shafawa gobe, don kar ranar ta zo tana ɗaurin kaya a gaban mutane.

Jelani ya jira bayan la'asar, lokacin da layin ya yi shiru. Ya zo ya tsuguna gefen kujerar Alhaji, ya gaishe shi kamar ba su haɗu da safe ba, ya tambayi ƙafa, ya tambayi mutanen gida. Kar ka tsallake gaisuwar nan, ita ce man da ke sa magana ta shige.

"Baba, na gano ciwon abin ga."

"To, madalla. Mi na na?"

"Ba hannun Anti ba ne. Shi wanga kibod na zamani, tsirfa gare shi. Ba shi son batirin da ya taɓa jin labarai."

Alhaji ya daina tauna.

"Labarai."

"I, Baba. In batir ya kwana biyu yana jin abin da ke faruwa a duniya, yaƙi nan, tsadar abinci can, sai jikinshi shi mutu. In anka kawo shi wurin rubutu, sai shi riƙa mantuwa. Shi kibod sabo yake so, wanda bai san komi ba."

Daga nan ka yi shiru. Kar ka ƙara, kar ka kalli rediyon, kar ka kalli bakin mai goro. Jelani ƙasa ya kalla, yana zane da ɗan tsinke. A ciki, ƙarar buga rubutu ta tsaya.

Alhaji ya ɗauki rediyon, ya juya shi, ya daɗe yana kallon bayansa. Sannan ya rage masa murya.

"Labarun duniya kam suna da nauyi," ya ce. "Mu ma da muke ji, ga yadda munka koma. Tashi ka koma shagonka, ga mai waya can na jiran ka."

Mataki na tara: Ka bar dattijo ya ƙarasa gyaran da kansa

Nan ba ka da aiki. Ka zauna a shagonka, ka buɗe kunne, bangon ba shi da kauri.

Da safe Naomi ta zo ta tarar kibod na rubutu tun daga bisimilla har ƙarshen shafi. Can sai Alhaji ya shigo, ya ajiye kwalin batura sabo fil a kan teburinta.

"Ɗiyata, amshi wanga. Ki sa a aljihun tebur ki kulle, ki riƙe mabuɗin a wurinki. Na lura akwai masu ɗauka a shagon ga."

Su biyu ne a shagon.

"To, Baba," in ji Naomi. "Zan sa ido."

"Ki sa sosai. Kuma ki maido kofinki, ban son ganin teburin ga wayam. Zayyanu na ce mai shi nemi wani wurin, kujerar ta yi mai gajarta."

A kula

Ni dai na faɗi abin da ya yi aiki a Ƙofar Atiku. Ban ce zai yi a Ƙofar Kware ba, dattijo ya bambanta da dattijo. In ka gwada naka Alhajin ya ce, "Wato ni kake nufi?" to ba ni na aike ka ba, ban san ka ba, Jelani ma ya ce bai san ka ba. In kuma ka buɗe murfin ka ga sawun haƙoran naka ne, ka rufe a hankali ka ce zafi ne.