Ɓarawon Naman Kazan Kaka

"…lafiya lau, ango. Ya na gan ka a bakin sito da sassafe kamar sabon mai gadi?"

Kaka ya bi jikar tasa da kallo tun daga ɗankwali har silifa, idonsa ya tsaya a kan jakar da ke kafaɗarta. Tun da ya ajiye tuƙin babbar mota ya mai da siton bayan gida wurin noman naman kaza, wannan fari mai kamar 'yar laima, wanda ke tsirowa a jikin ledojin da ya cusa wa garin katako. Leda arba'in ce jere a kan kanta, kowacce ya san ta kamar 'yar cikinsa. Kwana huɗu ke nan yana tarar da an tsinke manya-manyan. Mutum biyu ne kuma ke da mabuɗi: shi, da wannan jika tasa, tela, wadda kan kawo masa shayi da safe, ta dawo ɗaukar flas da yamma lokacin yana waje wurin hira.

"Amarya, matso nan. Buɗe bakinki in shinshina."

"Da wane hancin? Wanda bai ji ƙaurin tukunyarka ba ran nan, sai da maƙwabta suka shigo da bokitai?"

"Ɓarawo ya dame ni a siton nan."

"Ɓera ne."

"Ɓeran da ke zaɓen manya ya bar ƙanana su girma? Ya yanka da almakashi, ya ja ƙofa, ya kulle?"

"To, ɓeran ya yi makaranta."

"Ko kuma ya koyi ɗinki."

Ta dire flas ɗin a kan benci, ta riƙe ƙugu.

"Ni? Laimar kwaɗi? Abin da shi ba nama ba, shi ba ganye ba? Shekara guda kana bina da shi ina ce maka ko kyauta ba na so. Ka duba aljihun rigarka, wataƙila kai ka tsinka ka manta. Mutumin da ya kwana neman tabarau alhali yana goshinsa!"

Kaka ya shafa gemu. Bakinta bai yi rawa ba, amma ya lura tun zuwanta ba ta kalli ƙofar siton ba ko sau ɗaya, ita da kullum sai ta leƙa ta toshe hanci.

"Ai ni ma na fara gajiya da shi," ya ce. "Jiya na tafasa shi a ruwa awa biyu, na zuba gishiri, na ji kamar ina tauna soso."

"Awa biyu? Haba, tsoho! Wa ke tafasa shi? Yayyaga shi ake yi da hannu, a bar kasko ya ɗau zafi, a zuba shi ba mai har ruwan jikinsa ya ƙone. Sannan ɗan bota, tafarnuwa, albasa, barkono kaɗan. In gefensa ya yi ja sai ka fasa ƙwai biyu a kai, ka samu burodi mai laushi…"

Ta haɗiyi yawu.

"Ci gaba mana, ina jin ki."

"A waya na gani."

"Wayar ce ta sa kika haɗiyi yawu?"

"Tari ne ya taso min. Ƙurar gemunka ce."

"Shi ke nan, na yarda ɓera ne." Kaka ya zuba shayi a kofi, yana kallonta ta gefen ido. "Hankalina ma ya kwanta. Tun shekaranjiya na barbaɗa maganin ɓera a kan ledojin layin sama. Duk wanda ya ci, shi ya sani."

Jakar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi. Ta zauna a bencin ba shiri, hannuwanta biyu a kan cikinta.

"Kaka, don girman Allah, da gaske kake?"

Rabon da ta kira shi Kaka a irin wannan murya tun tana 'yar firamare. Ya ajiye kofin.

"Na ci jiya, na ci shekaranjiya," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Kuma ba ni kaɗai ba ce. Cikin wata uku ke nan."

"Ƙarya nake yi! Wallahi ƙarya nake, ko ƙwaya ɗaya ban zuba ba!" Ya faɗa siton da gudun da ya manta yana da shi, ya fizgo ɗaya daga layin sama, ya cusa a baki ɗanye. "Kin gani? Kin gani?"

Ta dube shi yana fama da shi da 'yan haƙoransa shida, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"Mugun tsoho! Saura kaɗan ka kashe ni da tsoro."

"Ke kuma ɓarauniya! Me ya hana ki roƙa?"

"Da wane bakin, bayan zagin da na yi masa? Komai na ci sai ya dawo, ko ruwan shayi. Shi kaɗai ke zama."

"Shi wancan mijin naki da ya ƙwace min ke, bai iya noma miki ba?"

"Shi ke yanka min albasar."

"Af! Ashe ƙungiya ce."

Ya koma ciki. Ta ji ƙarar almakashi na ta aiki, har ya fito da kwando cike, ya ɗora mata a cinya.

"Ba naki ba ne, kar ki yi min godiya. Na baƙon ne. Ki faɗa masa tun bai iso duniya ba ya fara yi min sata, ina nan ina jiran sa."

"In ya zo, sandarka zai fara ɗaukewa."

Kaka ya tuntsire da dariya, ya goge ido da bakin hannun riga.

"Ya zo ɗin. Allah ya kawo shi lafiya, in ba shi sandar da hannuna."