Amalanken Jokum Ya Nutse a Baƙar Hanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi kwance a ƙasanta, ni Bolethe Kruse ta nan Uummannaq nake sanar da rasuwar amalanken ƙanƙarar gidanmu da karnuka ke ja, wanda ya nutse ranar Talata a kan hanyar ƙauyen yayata Dorthe, hanyar da ta bi ta kan daskararren teku.

Marigayi mijina Jokum ne ya sassaƙa shi, ya ɗaure shi da igiya ba ƙusa ko ɗaya, shi ya sa yake lanƙwasa a kan tudu bai taɓa karyewa ba. Ya ɗauki kifi, ya ɗauki amare, ya ɗauki wani malamin coci da ba zan faɗi sunansa ba zuwa gidan da ba nasa ba, kuma bai tona ba. Maganarsa ɗaya ce, "ƙiiƙ, ƙiiƙ", sai in an yi masa lodin rashin imani ya ce "ƙaƙas". Duk Lahadi shi ke tsallakar da ni wajen Dorthe, wadda ƙafa ta kwantar, kunne ya ƙi waya, sai an zauna kusa an yi mata ihun labari.

Ga yadda ajali ya zo. Wata yarinya mai hankali, Signe, ta zo daga Denmark da na'ura mai ido biyu, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Ta ce tana auna hasken ranar da ƙanƙara ke mayarwa, don kwamfutar da ke hasashen yanayi ta san yaushe teku zai narke. Fari yana korar rana, in ji ta, baƙi yana shanye ta, kuma kwamfutarsu tana yanka teku manyan fegi ta ba kowane fegi launi ɗaya. Namu ta ba shi fari. Mamacin ne ma, wato amalanken, ya kai ta can nesa inda dusar ƙanƙara take tas kamar zanen amarya.

To amma hanyarmu ba can take ba. Hanyarmu kashin karnuka ne da jinin kifi, da tokar da Hansine maƙwabciyata take zubarwa a gaɓa tun tana da haƙora. Signe ta gaya wa ɗana Piitaq ya guji baƙin wuri. Shi kuwa ya ji rabin farko na zancen, ya ce ai masana sun ce da saura kafin teku ya narke. Ya bi baƙar hanyar da amalanken, ƙanƙara ta fashe a ƙarƙashinsu. Ya yanke igiyar karnuka da kyar, ya dawo jiƙe yana neman shayi.

Mamacin ya bar ni, da Piitaq wanda tuni yake shafa jirgin ruwan surukinsa yana cewa zamanin amalanke ya wuce, da karnuka masu ci ba aiki. Ya bar Hansine, wadda ta zo gaisuwa da bokitin toka a ɗaya hannun.

Babu gawa, don haka babu rami. Za a sha kofi a gidana ranar Asabar bayan azahar. Kowa ya cire takalmi, Hansine ta zo da kofinta. Ƙanƙarar yanzu ba ta ɗaukar ƙafa, ba ta kuma barin jirgi ya wuce. Duk wanda ya fara tsallakawa in ruwa ya buɗe, ya duba ko hayaƙi na fita a gidan Dorthe kafin ya kira sunanta. In yana fita, ya gaya mata da ƙarfi ba fushi nake ba.