Dakta Bawa, Uban Sauraro

Duk wanda bai san Dakta Abdulrasheed Bawa ba, to baƙo ne a Gombe. Shi ne shugaba, sakatare kuma kakakin Gidauniyar Sauraron Matasa, wadda ya kafa da kansa, ya kuma zaɓi kansa ba hamayya. Daktan nan ma a wani otal aka rataya masa, tsakanin shinkafa da lemo. Hotonsa kuwa, tubarkalla, yana kan allo, yana kan kalanda, yana bayan kowace takardar ofishinsa, yana murmushi ya kama kunne da yatsu biyu. 'Yan gari na ce masa Lasifika, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Aikinsa ceto matasa daga damuwa da kaɗaici. "Matashi kunne yake nema!" in ji shi a rediyo. "Ni kuwa kunne ne tun daga hula har takalmi." Minti hamsin ya yi yana bayanin haka, masu kiran waya suka gaji suka kashe.

Sai ya shiga bincike. Ya zaga unguwannin Kumbiya-Kumbiya da Nasarawo a mota, ya sauke gilashi, saurayi ya durƙusa. "Kai, lafiya?" "Lafiya lau, ranka ya daɗe." "Ba damuwa?" "Ba komai, alhamdulillahi." Dakta ya sa maki. Yo wane ɗan mutunci ne zai durƙusa gaban babba ya ce masa ba lafiya? Matasa ɗari huɗu, lafiya lau ɗari huɗu. Dakta har da ƙwallar farin ciki.

Cikin ɗari huɗun akwai ɗansa Ɗantala, wanda Dakta ya tambaya ta ƙofar ɗaki a rufe, a gidansa na unguwar Federal Low-Cost. Shekara uku ke nan da Ɗantala ya gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa. Ya daina fita, ya daina amsa waya, tuwo yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Hankalin uwarsa Hajiya Lami ya tashi, tana tsoron wata rana a buga ƙofar nan a ji shiru.

"Alhaji, yaron nan fa..."

"Hajiya, jawabi nake rubutawa kan matasa. Kada ki katse ni."

Allah ya kawo Oga Ezenwa, mai gyaran janareta a Nasarawo, ya zo aiki gidan. Hajiya ta yi masa kuka. Bai yi lacca ba. Ya buga ƙofar Ɗantala ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka riƙe mini sifana." Gobe ma sifana, jibi ma sifana, har Ɗantala ya samu wuri a bencin shagonsa, inda samari ke shan shayi suna dara suna zazzage abin da ke cinsu. Irin bencin nan ne Dakta ke kira zaman kashe wando.

Ranar Sauraro, babban taron gidauniyar, ta zo. Aka cika zauren taro da matasa, har da Ɗantala, don kujeru kada su yi kunya. Dakta ya yi awa uku yana sauraron kansa. Daga nan ya sa aka kawo akwatin da aka ajiye a bakin ƙofa, wai mai damuwa ya rubuta ba suna. Ya san fanko ne, ai bincike ya nuna. Sai ga takarda guda.

Ya gyara tabarau ya karanta: "Wata bakwai na yi a ɗaki, mahaifina bai lura ba. Mai gyaran janareta ne ya fito da ni. Minti biyar kawai nake so ya zauna ya ji ni."

Kai, ran Dakta ya ɓaci! Ya ɗaga takardar sama yana kaɗawa. "Wannan uba ne? Wannan kujera ce! Irinsu ne suka sa ba na hutawa. Wallahi da zan gan shi, sai ya durƙusa a gaban taron nan!"

Zaure ya yi tsit. Dakta ya ji daɗi, ya ɗauka kwarjini ne. Shi rubutun yake kallo, jama'a kuma bayan takardar suke kallo.

"Wa ya san uban nan? Ya ɗaga hannu, kada ya ji tsoro!"

Hannuwa suka tashi har layin baya. Hajiya Lami biyu ta ɗaga.

Dakta ya juya takardar a hankali. Ashe takardar ofishinsa ce: ga hotonsa nan yana murmushi, ya kama kunne da yatsu biyu. Ya ɗago ya dubi ɗansa.

Wani ɗan jarida ya duba agogo. Minti ɗaya cur Dakta ya yi bai ce uffan ba, kuma shi ne sauraron farko da gidauniyar ta yi tun kafa ta.

Daga layin baya Ɗantala ya ce, "Saura huɗu, Baba."