Yadda Za Ka Ci Tuwo da Darasin Rabi da Kwata

Kai sabon malami, da aka cusa maka yara cike da aji tun da aka buɗe firamare kyauta, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari tukunyar gidanka ba za ta sake kwana a kife ba.

1. Ka raina allo

Ka shaida wa hedimasta cewa rabi da kwata ba sa shiga kan yaro da alli, sai ya auna da hannunsa. Ka ce haka ake yi a Ingila. Shi ma bai je ba.

2. Ka aika a kawo kayan aiki

Kowane yaro ya zo da mudun hatsi daga gida. 'Ya'yan manoman Gauraka su kawo dawa, na masu awo a kasuwa su kawo shinkafa. Wanda ya kawo yashi ka kore shi, ba ya son karatu.

3. Ka ɗauko rula

Nan gizo ke saƙar. Uwa in ta auna, sai mudu ya yi tozo. Ka ɓata rai, ka ce mudun ilimi ba shi da tozo. Ka shafe shi da rula, rarar ta zube cikin buhun da ke ƙarƙashin teburinka. Su raba biyu, ka shafe. Su raba huɗu, ka sake shafewa. In zuciyarka ta soma damunka, ka tuna sunan garin nan ma sukutum aka ɗauka aka ba sabon babban birnin tarayya, balle tozon mudu.

4. Kada ka kuskura su gane

Wallahi nan abokina Malam Bamalli na Bagama ya kashe kansa, har yau abin na ba ni haushi. Daɗin shinkafa ya sa ya dage, ya yi ta maimaita darasin har yara suka haddace, suka je gida suka koya wa iyayensu mata. Ranar kasuwa matarsa Asabe ta je awo wurin Bose, wadda 'yarta Funmi ke ajinsa. Bose ta cika mudu ya yi tozo, ta zaro rula daga ƙarƙashin faifai, ta shafe shi tas.

"Maman Funmi, yau kuma mene ne haka?" in ji Asabe.

"Karatun maigidanki ne, uwargida. Mu ma mun waye."

Asabe ta zaga layin masu awo kaf, kowace da rularta, kuma gidan malam kaɗai ake zaro wa.

Hattara: ni dabara na bayar, ban ce kowa ya iya koyarwa ba. Wanda ɗalibansa suka fahimci darasi, shi da matarsa, kada ya doso ƙofata da kwano.