Rasuwar Mai Huci, Wadda Aka Kashe da Guga Dubu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar abokiyar zamana, kwamfutar nan baƙa da ke ƙarƙashin teburin ɗakina, wadda muke kira Mai Huci. Allah ya jiƙanta. Waɗanda suka yi ajalinta kuwa, Allah ya shirye su, in masu shiryuwa ne.

Marigayiya ita ce ke riƙe da shafin intanet ɗin da mutane ke kama kujera a motocin babban ɗana. Jikata, 'yarsa ta fari, ita ta haɗa shafin da hannunta, ta kawo Mai Huci ɗakina don nan ne wuta ba ta yankewa. Baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai fuuuu ɗinta a hankali, da tit ɗaya in an tashe ta. Tana ɗumama mini ƙafa. Ta wurinta kuma nake sanin wa zai yi tafiya, da wa, a kujerar kusa da wa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai wanda ya tambaya.

Ga yadda jikata ta bayyana mini aikinta, kuma na gane sarai, ba sai na je jami'a ba. A cikin marigayiya akwai rijiya, nan ake ajiye sunaye da kujeru. A bakin rijiyar akwai guga ashirin. Duk wanda ya shigo shafin, a ara masa guga, ya ɗebi abin da ya kawo shi, ya mayar, na baya ya ɗauka. Da haka ashirin ɗin ke isar kowa.

Sai autana, ƙanen uban yarinyar, ya ce shi ma ya iya. Ya jira ta fita, ya ƙara wani sashe mai nuna inda mota ta kai a hanya. Sashen kuwa ya ɗauko halin mai shi: ya ari guga, ya manta da mayarwa. Daga nan ciwo ya fara. Kafin azahar guga sun ƙare, mutane na tsaye a shafi, abu na ta juyawa a allo, daga ƙarshe a ce musu lokaci ya wuce. Maganin autan ɗaya ne, ya kashe ta ya kunna. Ta farfaɗo da safe, ta sume da rana.

Yarinya ta roƙe shi a nemo inda guga ke maƙalewa. Ya ce mata tun kafin a haife ta yake taɓa kwamfuta, guga ne suka yi kaɗan, ya mayar da su dubu. Dubu, a bakin rijiya ɗaya. Marigayiya ta koma wuuuu kamar injin niƙa. Da kukan ya hana shi jin ƙwallon da yake kallo a wayarsa, sai ya ja bargona ya lulluɓe ta ruf. Ina kan gado, idona biyu, shi ya ɗauka barci nake. Ta yi ƙiris-ƙiris, ta yi tas, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, da ɓeran da ake ja a tebur, da wayoyi birjik, da direbobin da aka sayar wa mutum uku kujera ɗaya a motarsu. Ta bar ni da sanyin ƙafa. Ta kuma bar jikata cikin kuka, don autan ya riga kowa zuwa wurin yayansa, ya ce aikin yarinya ne ba ƙwari. Yayan, da kunnensa ya fi kansa sauri, ya ce gobe zai karɓe shafin daga hannun 'yarsa ya ba ƙanensa. Ni na haife su duka biyun, kuma yau ina jin kunya.

Game da jana'iza, gawa tana nan yadda ta cika, da bargon a kanta, ba wanda zai taɓa. Za a buɗe ɗaki gobe da hantsi. Babban ɗana ne zai fara shiga, ya ɗaga bargon da hannunsa, ya shaƙa, sannan ya tambayi ƙanensa a gabana wa ya rufa. Bayan haka autan zai ɗora marigayiya a ka, ya kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, a ƙafa, ta babban titi.

Sabuwar da suke shirin saya kuwa, a hannun jikata za ta shigo ɗakin nan. In a hannun wani ce, su nemi inda za su jona ta. Wutar tawa ce, ƙofar ma tawa ce.