Taguwar da Na Yi wa Nazari

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunan jika sai na jera uku kafin in faɗa kan wanda nake nufi. Amma ranar da na zaɓi taguwa a kasuwar raƙuma ta Agadas, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na ma yi ƙoƙarin mantawar, ta ƙi.

Lokacin Faransawa ne ke mulki, saura 'yan shekaru su tafi. Ni kuwa saurayi ne ɗan Damagaram, na gama lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, na fito da sartifika a aljihu da girman kai da ya fi sartifikar nauyi. Na zo Agadas neman aiki, sai na taki sa'a wasu Nasara sun iso suna neman duwatsu a jeji. Babbansu, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mushe Mai Guduma (Mushe shi ne Malam a Faransanci, shi kuwa ba ya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi ba), yana bukatar tafinta. Ya ce zai gwada ni a tafiya ɗaya zuwa arewa: in na yi, aiki nawa ne, in ban yi ba, in koma inda na fito. Komawa Damagaram hannu rabbana kuwa, bayan na yi wa unguwarmu bankwana irin na wanda zai je ya zama kwamandan, shi ne abin da na fi tsoro a duniya. Saboda haka da ya tambaye ni ko na san raƙumi, ko ƙifta ido ban yi ba na ce sosai ma. (Na san shi mana. Ayarin gishiri na wucewa ta ƙofar gidanmu kowace shekara, ina zaune kan dakali ina kallo.)

Mushe na da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, rataye a wuyansa. In ya fasa dutse sai ya kara shi a ido, ya juya dutsen, ya sake juyawa. Yana kuma da kaye guda, wato littafin rubutu, da yake rubuta kalmomin Hausa a ciki. Wata rana da hantsi ya tambaye ni me Hausawa ke kiran wannan abin da yake yi wa dutse. Mai hankali da sai ya ce dubawa, ya kama bakinsa. Ni kuwa sai na gyara zama.

Na ce masa ai ido matakai gare shi. Kallo shi ne na ƙasa, aikin ido ne kawai, ko akuya na yi. Leƙe ta saman katanga ake yinsa, kuma yawanci da 'yar rashin gaskiya a ciki. Hange daga nesa ne, ba ka da tabbas ko mutum ne ko kututture. Dubawa kuwa ido ne da niyya, akwai abin da kake nema, kamar mace mai tsince tsakuwa daga gero. In hankali ya bi bayan idon har ka ga abin da ba a nuna maka ba, ka lura ke nan. In ka sa hannu, ka ɗaga wannan ka buɗe wancan, ya zama bincike, in ya yi tsanani a ce na ƙwaƙwaf, ko a ce ka bi diddigi. Nazari shi ne ka zauna da abu ka juya shi a ido, ka juya shi a zuciya. Daga ƙarshe sai tantancewa, ka ware mai kyau da marar kyau. Mushe ya yi ta rubutu har ya fiƙe fensir sau biyu, ya ce bai taɓa samun tafinta irina ba. Daga ranar kaina ya daina shiga hula.

Da ma a nan na tsaya. A'a, sai na kai karatun nawa wurin masu raƙumanmu, Abzinawa, suna zaune suna dafa shayi da la'asar. Madugunsu Baba Agali, dattijo ne dogo, wanda in ban da idanu ba ka ganin komai a fuskarsa saboda amawali. An ce ya ratsa hamada sau da yawa har ya daina ƙirgawa. Shi na zauna ina yi wa bayanin cewa yawancin mutane kallo kawai suke yi, mu 'yan lakwal ne masu nazari. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini kofin shayi, ya ce madalla. Kashegari na ji sunana ya koma Malam Nazari, kuma wallahi na ɗauka girmamawa ce.

Ana saura kwana biyu mu tashi, aka ga ana bukatar ƙarin raƙumi ɗaya da zai ɗauki akwatuna biyu na Mushe, waɗanda na'urarsa ke ciki, wata aba mai ƙas-ƙas in ta ji irin dutsen da suke nema. Mushe ya ce Baba Agali ya je kasuwa ya zaɓo. Ni da babu wanda ya tambaye ni na ce a bar mini wannan, ai na faɗa na san raƙumi. Har madubinsa na roƙa ya ara mini.

Muna isa kasuwa Baba Agali ya sami inuwa can nesa ya tsugunna, yana bin raƙuman da ido suna tafiya suna dawowa. A raina na ce ka ji lalaci, daga can me za a gani? Hange ke nan, mataki na uku daga ƙasa. Ni kuwa na tunkari wata taguwa fara, doguwa, cikakkiya, na sa aka durƙusar da ita, na fara aiki. Na buɗe bakinta na ƙirga haƙora (ta saka mini da koriyar tuƙa a gaban riga, na ce ba komai, ilimi ba ya samuwa da farin kaya). Na latsa tozonta na ji tauri. Na kara madubi a idonta har na ga fuskata a ciki. Na bi gashin wuyanta ina neman ƙazuwa, na sami kaska biyu na rubuta su a kaye. Na ɗaga tafin ƙafarta na gaba na shafa. Bayanta ne kawai ban je ba, kuma yau zan faɗi gaskiya: tsoron harbi nake ji. Cikinta da na ga ya yi fam, na rubuta: ƙoshi.

Mutane sun taru. Da aka tashe ta aka ja ta ta gaban wani amale, wato babban namijin raƙumi, sai ta ɗaga wutsiya sama ta murɗe ta. Na juya na sanar wa jama'a cewa wannan alamar kuzari ce. Na ga kafaɗun Abzinawa na rawa, amma da yake bakunansu a rufe suke, na ɗauka tari ne ya kama su gaba ɗaya. Mai taguwar ma, bawan Allah, ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu na ce mai sayarwa ba ya koya wa mai saye.

A nan Baba Agali ya taso a hankali ya tsaya kusa da ni. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɗana, ja baya kaɗan, ka duba ta tana tafiya."

Na ce, "Baba, ni ai na wuce dubawa. Nazari na yi, na kuma tantance."

Ya ce madalla, ya kama akala. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a wurinsu dattijo sau ɗaya yake faɗa maka magana. In ka ƙi ji, ba zai ƙaryata ka a gaban mutane ba, don yin haka zubar da girmansa ne da naka. Zai bar ka da hanya, ita ba ta jin kunyar kowa.

Muka kama hanyar arewa, duwatsun Abzin a hannun damanmu. Kwana da kwanaki taguwata na tafe lafiya, ni kuwa kullum sai na ja hankalin Mushe ya ga irin zaɓina. Inda muka nufa wata rijiya ce da ake kira Arlit. A lokacin babu gida ko ɗaya a nan, daga rijiya sai dutse sai rana. Saura tafiyar yini mu isa, da hantsi, taguwa ta fara ja da baya. Ta durƙusa, ta tashi, ta sake durƙusawa, tana wani irin gurnani. Ayari ya tsaya. Mushe ya sauko da gudu don akwatunansa, yana tambayar me ya faru, kuma ni ya kalla, tunda ni ne masani.

Na ciro madubi. Na ɗaga fatar idonta, na shinshina bakinta, na kara kunne a haƙarƙarinta, na miƙe na faɗa da Faransanci, sannan na maimaita da Hausa don kowa ya amfana, cewa ciwon ciki ne, ta ci mugun haki jiya, a ba ta kanwa za ta ware. Duk wannan bayanin da nake yi, Baba Agali da mutanensa sun sauke akwatuna, sun share ƙasa a bayanta, sun ja gefe sun tsugunna. Sai Mushe ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wajen da ban taɓa zuwa ba.

Ƙafafu biyu ne 'yan sirara suka leƙo, da ɗan hanci a tsakaninsu.

Ban san tsawon lokacin da na yi tsaye da madubi a hannu ba. Na dai san cewa Abzinawan da suka yi kwanaki suna riƙe dariya, ranar sun sake ta, har wani ya kwanta a yashi yana buga ƙasa. Daga baya ne aka gaya mini cewa ko yaron goye a cikinsu ya san taguwar da ta ɗaga wa amale wutsiya ciki gare ta, kuma hantsarta ma ta cika tun a kasuwa, da na zagaya da na gani. Kunyar da na ji ranar, da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Mushe bai yi dariya ba. Ruwanmu ya yi ƙasa a salka, ga taguwar da ba za ta ɗauki kaya ba, ga jariri mai rawar ƙafa. Fuskarsa ta yi ja, ya sa aka kira Baba Agali, ya ce a tambaye shi: shi da yake madugu, ya san da cikin ko bai sani ba? In ya sani, don me ya yi shiru? To wa zai yi tambayar? Tafinta. Wa zai mayar da amsa? Tafinta. Na tambaya.

Baba Agali ya ce, "Gaya masa na sani tun daga inuwa. Na faɗa ma yaron sau ɗaya. Ya ce shi ya wuce dubawa. Gaya masa yaron bai san raƙumi ba, ko hawa sai da muka ɗora shi."

Shaiɗan ya raɗa mini cewa babu mai jin harsunan nan biyu sai ni. Ina iya cewa dattijo ya ce shi ma bai lura ba, a raba laifin biyu, aikina ya tsira. Na ga ƙofar gidanmu a Damagaram, na ga dakali, na ga 'yan unguwa suna tambaya ina kwamandancin. Amma na kalli idanun dattijon nan da ya rufa mini asiri a tsakiyar kasuwa, sai na kasa. Na juya na zuba wa Mushe maganar da Faransanci tsaf, har da batun ɗora ni kan raƙumi, ban rage ko ɗigo ba. A tarihin aikin tafinta ban ji wanda ya taɓa korar kansa da bakinsa cikin harsuna biyu ba sai ni.

Mushe ya dube ni. Ashe Hausar da ya tara ta isa ya gane rabin abin da Baba Agali ya faɗa, jira kawai yake ya ji yadda zan murɗa ta. Ya karɓe madubinsa daga hannuna, ya ce, "Raƙumi kam ba ka san shi ba, kada ka ƙara taɓa mini ko ɗaya. Amma tafintan da zai fassara zaginsa daidai, shi nake nema."

Aiki ya tabbata, amma ba a kyauta ba. Baba Agali ya raba akwatunan wa sauran raƙuma, ya ce jariri ba zai iya tafiya ba sai an ɗora shi, uwar ta bi baya. Aka duba wanda za a sauke, babu wanda ya ko yi shawara. Aka naɗe ɗan taguwa cikin bargo aka ɗaure shi kan raƙumina, yana zaune daram yana kallon duniya, ni kuwa na taka a ƙasa yini guda, daidai bayan uwarsa, inda Baba Agali ya ce in tsaya don in ƙarasa karatuna. Da muka isa rijiya shi da kansa ya tatso nono ya miƙo mini a ƙwarya, ya ce in sha, ai ni na zaɓo.

Haka na shigo Arlit, wadda daga baya ta zama garin da na yi aure na tsufa a cikinsa. Har gobe ina iya jera maka kalmomin nan daga kallo zuwa tantancewa ban tsallake ko ɗaya ba, kuma duk daidai ne. Sai dai tun daga ranar, ko tunkiyar layya zan saya, nakan ja baya, in zagaya ta baya, sannan in nemi wani dattijo da ke tsugunne a inuwa in gaishe shi da kyau. In aka tambaye ni ko na duba, sai in ce na dai kalla.