Yaƙin Malam Tanimu da Mai Shara

Da sunan Wanda ya halicci yatsu goma, ya ba kowanne aikinsa, muke buɗe tarihin gwarzon maza, sadaukin Funtuwa, Malam Tanimu ɗan Barau mai gyaran agogo, ɗan Na-Allah mai facin keke, ɗan Gagare wanda aka ce shi ya fara kunna risho a unguwarsu, wutar ta lashe masa gemu, bai ja da baya ba. Zuriya ce mai albarka wadda ba ta taɓa ganin na'ura ta ƙyale ta ba, kuma masu kawo labari ba su ambaci wata na'ura da ta fita hannunsu da lafiya ba. Shi kuwa Tanimu shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga keken rubutu a kotu, har ana yi masa kirari da dodon takardar kabon, ƙanƙara a kan rufin kwano, mai buga hukunci kafin alƙali ya gama tari.

Bayan ya yi ritaya sai ya buɗe shagon buga takardu, a bayan shagon kuma akwai wani ɗaki mai fanka ɗaya da soket uku. A wannan ɗaki ne wata runduna ta matasa ta kafa sansani duk ranar Asabar, suka kira kansu Zauren Rijiya. Manhajar waya suke ginawa, wadda idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace a ƙauye, sai mutum ya danna maɓalli, labari ya isa ga masu gyara. Manhajar buɗaɗɗiya ce, wato ba ta da mai ita. Rubutunta a baje yake a intanet kamar shanyar barkono, kowa na iya karantawa, kowa na iya kawo gyara ya nemi a haɗa shi da uwar manhaja. Duk wanda aka karɓi gyaransa, ko na layi ɗaya ne, sunansa zai shiga jerin masu gudummawa, a karanta shi da lasifika a taron shekara.

To, ga inda ƙaya ta soki jarumi. Suna talatin da biyu ne a jerin nan, a cikinsu akwai waɗanda shi ya raba goro ranar sunansu. Ɗakinsa ne, fankarsa ce, tabarmarsa ce, amma da aka karanta jerin bara, sai bayan an rufe taro da addu'a wani ya tuna ya ce a gode wa Baba mai ɗaki. Tanimu ya koma gida bai ci tuwo ba, ya ɗaura niyya cewa baɗi sai lasifika ta faɗi sunansa, da na ubansa a haɗe.

Wata huɗu ya yi yana wasa makamai. Ya sayi tabarau na biyu ya ɗora a kan na farko, ya zauna gaban kwamfuta yana dukan maɓallanta da ƙarfin da ya saba yi wa keken rubutu, har harafi biyu suka yi shahada. Da ya leƙa cikin manhajar, nan take basirarsa ta gano gagarumin aibin da ya kuɓuce wa injiniyoyi talatin da biyu: manhajar ba ta gaisuwa. Mutum ya buɗe ta, ba sallama, ba ina kwana, sai tambaya tsirara, wai wane famfo ne ya lalace. Sai ya zare alƙalamin zamani ya ƙera mata gaisuwa hawa bakwai. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya aiki, yaya muka ji da zafi, sai ta bakwai, ina labari, kuma kowacce sai mutum ya danna amsarta kafin ta gaba ta fito. Matar da ke tsaye da bokiti a rana, cajin wayarta saura kaɗan, sai ta tabbatar wa manhaja lafiyar 'ya'yanta kafin a saurari maganar ruwa.

Ranar wata Talata da hantsi ya tura buƙatarsa ta a haɗa gyaran da uwar manhaja, aka ba ta lamba sittin da uku. Ya miƙe tsaye a tsakiyar shago, ba kowa sai injin kwafi, ya ce, “Yau maza sun shigo.”

Zauren yana da dokoki biyu. Ta farko, ba a haɗa gyara sai mutum biyu sun duba sun sa hannu. Ta biyu, buƙatar da ta yi kwana talatin ba wanda ya amince, ba wanda ya ƙi, rufe ta ake yi. Da rundunar matasa ta ga buƙata ta sittin da uku, sai tsoro mai tsanani ya sauka a kanta. Kowa ya san in aka haɗa wannan abu manhaja ta mutu. Kowa kuma ya san ba a ce wa sa'an uba aikinsa bai yi ba, balle a rubuce, a inda duniya za ta karanta. Don haka waɗannan jarumai masu wa'azin gaskiya da aiki a fili suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya suna rubuta a ƙasan buƙatar, “Allah ya saka da alheri, Baba.” An sami irin wannan addu'a ashirin da shida. Sa hannu kuwa ko ɗaya. Tanimu yana ƙirga addu'o'in kowace safiya kamar sarkin yaƙi yana duba tutocin mubaya'a.

A rana ta talatin da ɗaya abokin gaba ya bayyana. Wani mai suna Mai Shara ya rubuta, “An rufe wannan buƙata saboda ta daɗe ba motsi. Mun gode.” Ba sallama, ba Baba, ba Malam. Tanimu ya karanta sau uku, ya cire tabarau ɗaya ya sake karantawa. Sannan ya danna maɓallin sake buɗewa da ƙarfin da ya sa linzamin kwamfuta ya faɗo ƙasa, ya rubuta wa Mai Shara wasiƙa mai sakin layi tara a kan tarbiyya da haƙƙin manya. Mai Shara ya koma maɓoyarsa. Ya yi kwanton ɓauna kwana talatin cif, sannan ya sake fitowa da kalmominsa na farko, ko waƙafi bai canza ba. Aka yi haka karo na biyu, aka yi na uku, kowane karo Tanimu yana sake buɗe buƙatar. Masana tarihi sun haɗu a kan cewa tun da aka kafa Funtuwa ba a ga taurin kai biyu sun yi karo irin wannan ba.

Ranar Asabar bayan la'asar Tanimu ya tari Injiniya Ramlatu, wadda mabuɗin uwar manhaja ke hannunta, tana naɗe wayar caji.

“Ramlatu, Mai Sharan nan ɗan gidan wa ne? Ina son ganin ubansa.”

“Baba, ai ba mutum ba ne. 'Yar na'ura ce, ita ke share tsofaffin buƙatu.”

“Wa ya kawo shi?”

“Ni na rubuta shi, Baba.”

“Ashe a ɗakina aka haife shi. To ke kin duba aikin nawa?”

Ramlatu ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da naɗe wayar da ta riga ta naɗu. “Muna kan dubawa, Baba. Aiki ne babba.”

Tanimu ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya fita yana gyara hula. Da wani ne, jin cewa abokin gabarsa ba shi da rai, da ya mayar da takobi kube. Amma jinin Gagare ne. A ganinsa rashin ran ya ƙara wa laifin muni, domin marar kunyar da ke da uba ana iya kai ƙararsa, wannan kuwa sai dai a gama da shi.

Kwana tara yana leƙen asiri a cikin rubutun manhajar, yana buɗe fayil bayan fayil kamar mai neman kunama a ƙarƙashin tabarmi, har ya iso wani lungu ya tarar da maƙiyin nasa kwance. Layi goma sha ɗaya ne kacal. Wannan shi ne dukan ƙarfin azzalumin da ya hana shi jin daɗin abinci wata uku. Ya shafa layukan suka yi shuɗi, ya yi bisimilla, ya ce, “Yau ko ni ko kai,” ya danna gogewa. Sannan ya tura buƙata ta biyu, cewa a kori Mai Shara daga Zaure.

A nan ne aka ga abin al'ajabi. Isuhu Dogo, wanda Mai Shara ya taɓa rufe wa buƙatu bakwai na canza launin maɓalli, ya sa hannu kafin a kira azahar. Wani abokinsa mai irin wannan ciwo ya bi bayansa. Hannu biyu sun cika, doka ta hau kan mai dokar. Ramlatu ta daɗe tana kallon allon, ta ja numfashi, ta haɗa. Mai Shara ya faɗi, sunan Tanimu Barau ya shiga jeri, lamba talatin da uku. Ya sa aka buga shafin, aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli, ya rataye a saman injin kwafi. Duk wanda ya zo kwafar katin zaɓe sai ya tsaya ya ji yadda aka yi gumurzu, da yadda maƙiyi ya yi ta roƙo.

Wata biyar suka shuɗe ba mai shara a Zaure. Buƙatu suka yi ta taruwa kamar ledoji a bakin kwata: na masu canza launi, na masu gwaji da suka manta sun turo, na wani baƙo da ke tallar maganin basir. Ranar taron shekara aka ɗaura lasifika, Tanimu ya zauna a sahun gaba cikin babbar riga mai aska takwas. Mai karatu ya bi sunaye da ayyukansu, wane ya ƙara layi dubu, wance ta gyara taswira, har ya iso ƙarshe ya ce, “Malam Tanimu Barau, ya goge layi goma sha ɗaya.” Aka yi tafi. Tanimu ya ɗaga hannu ya gaida jama'a ta ko'ina, har da ɓangaren da ba kowa.

Sai Ramlatu ta miƙe. Ta ce buƙatu ɗari biyu da goma sha huɗu ne a jibge, kuma a ƙarƙashinsu aka binne wani gyara na gaske, wanda rashin ganinsa ya sa rahoton wani ƙauye ya yi sati shida bai isa ga masu gyara ba, mata suna tafiya rafi. Ta ce mayar da Mai Shara zai zama rashin ladabi ga Baba, saboda haka tana ba da shawara a naɗa Baba da kansa a gurbinsa, ya riƙa rufe tsofaffin buƙatu da hannu, daga mafi daɗewa, ba sani ba sabo. Isuhu Dogo ya yi wuf ya ce a kira muƙamin Sarkin Shara. Jin kalmar sarki ya sa Tanimu ya amsa kafin a gama jimla. Hannu biyu ake nema, aka sami talatin da biyu.

Nan take aka ajiye masa kwamfuta a kan tebur, aka haska allonta a bango don jama'a su shaida aikin farko na sabon sarki. Ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya naɗe hannun riga, ya umarta a jero masa buƙatu daga mafi tsufa. Ta saman ta fito da manyan baƙaƙe: lamba sittin da uku, Gaisuwa Hawa Bakwai, daga Tanimu Barau.

Fanka tana juyawa. Sarki ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, ko akwai mutum biyu da za su sa hannu yanzu. Rundunar gaba ɗaya ta sunkuya a kan wayoyinta kamar an aiko wa kowa da saƙon gaggawa a lokaci guda. Isuhu Dogo yana binciken ƙasan takalminsa.

“Ramlatu, har yanzu ana kan dubawar?”

“Doka dai ta ce daga mafi daɗewa, ranka ya daɗe.”

Sarki ya ɗora yatsun nan goma da suka girgiza kotu shekara talatin da ɗaya a kan maɓallai. Ya yi niyyar buɗewa da sallama da tambayar iyali, sai ya rasa wanda zai gaisar, tunda mai buƙatar da mai rufewar riga ɗaya suke ciki. Daga bisani, a hankali, da yatsa ɗaya, ya buga: “An rufe wannan buƙata saboda ta daɗe ba motsi. Mun gode.”

Kafin ya ɗauke hannunsa wayoyi suka fara ƙara. A ƙasan buƙatar, a bango, a gaban kowa, saƙonni suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya: “Allah ya saka da alheri, Baba.” Saura ɗari biyu da goma sha uku.